Tekun Kaka a Falon Baba

Ina gyaran ɗakin marigayi Baba a Ƙofar Dundaye, sai ga wani tsohon faifan bidiyo mai walƙiya, faɗinsa kamar tire.

Zamanin soja, kasuwar atamfa na garawa, Baba ya sayo na'urar faifan bidiyo mai tsada. Yana kunna faifan nan, teku ya cika talabijin, rugugin ruwa ya cika falo.

Kaka, wadda ciwon ƙafa ya hana zuwa Hajji, ta matso ta ce, "Wanga gulbi, ina ƙarshenai?"

Baba ya ce, "Teku na, Inna. Can ƙetare Makka take."

"To ku bar man shi, in riƙa hange."

Kullum bayan la'asar tana gabansa tana murmushi, har Allah ya karɓe ta da damina.

Ku fa, wane kallo ya taɓa kai tsohuwarku inda ƙafarta ta kasa?