Goron da ke aljihun Baba



Daga garin Greensboro a nan Amurka na ɗauki Babana, baƙo daga Kano, mu ga gidan da wani tsohon shugaban Amurka ya tashi. Ashe gidan maƙwabta muka nufa. Baba ya tura ƙyauren shinge yana ta rafka sallama, sai ga Bature riƙe da bindiga.

Baba kuwa ya zura hannu a aljihun babbar riga.

"Baba, don Allah fito da hannunka a hankali!"

"Kai, goro zan ba shi, ai mu muka yi laifi."

Da baya-baya na janye shi, ina ta ba mutumin haƙuri.

Jama'a, yaya zan fahimtar da dattijo cewa a ƙasar nan goro ma yana iya kashe mutum?