Ranar da Na Bar Baba a Kwanar Tafki

Edita, na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na iya rubuto muku wannan. A lokacin da abin ya fara ni mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, haifaffiyar Zariya, Kirista, ina zaune ni kaɗai a wani ƙaramin flat, gidan haya, a Old Trafford da ke Manchester, ina aikin kula da tsofaffi. Ƙiba ta fara yi mini yawa, jinina yana hawa, sai GP ɗina, wato likitar unguwa, ta ce ko dai in motsa jiki ko in shirya shan magani har abada. Wata abokiyar aiki ce ta gaya mini ana yin gudun kilomita biyar kowace Asabar da safe a wurin shaƙatawa na unguwa, kuma ba a biyan ko sisi. Da ma ni in aka ce abu kyauta ne ba a kirana sau biyu. Na yi shekaru ina zuwa, in yi guduna, a ba ni sakamakona a waya, in kama hanyar gida. Mutanen nan masu riguna masu ƙyalli da ke tsaye a kowace kwana cikin sanyi suna tafa mana, ban taɓa tambayar kaina wa ya ajiye su ba. Kowane mako kafin a fara sai an yi shela cewa ana neman masu taimako, ni kuwa daidai lokacin nake sunkuyawa in gyara igiyar takalmi.

Da aiki ya mai da ni Birmingham, na sami ɗaki a kusa da Sparkbrook, na kuma nemi irin wannan gudun na samu. Na can ƙarami ne, wata Baturiya tsohuwar malamar makaranta ce ke riƙe da shi, ita ce uwa ita ce uba. Ban daɗe ba gwiwata ta fara ciwo, gudu ya gagara. Gaskiya ba don kirki na shiga aikin sa kai ba, na dai ga akwai aikin da zai ba ni damar tafiya a hankali ba tare da an ce na gaza ba. Aikin shi ne rufe baya, wato ka sa riga mai ƙyalli ka bi bayan mutum na ƙarshe. Ranar da Baturiyar ta miƙa mini rigar ta ce doka ɗaya ce tal: kada in taɓa barin wani a bayana, ko da rarrafe yake yi. Na yi dariya na ce ai wannan ko yaro zai iya.

A nan na san Baba. Wata Asabar ina amsa waya da Hausa, sai wani dattijo mai farin gemu, da hular sanyi da dogon wando da sabon takalmin gudu, ya waiwayo ya yi mini sallama. Bakano ne, ya yi shekaru yana tuƙin bas a garin kafin ya yi ritaya, ciwon suga ya kama shi, shi ma GP ne ya turo shi. Da ya ji ni Bazazzagiya ce, shi ke nan na shiga uku da tsokana. Kullum shi ne na ƙarshe, kullum ni ce a bayansa, sai ya riƙa cewa haka Allah ya tsara tun asali, Kano a gaba Zazzau a baya. Ni kuma in ce masa ai kiwo nake yi, kuma makiyayi a baya yake tafiya. 'Yata yake kirana, ni kuma Baba. Mahaifina ya rasu ina ƙasar nan ban samu zuwa jana'izarsa ba, don haka tafiyar nan ta safiyar Asabar ta zame mini wani abu da ban gaya wa kowa ba. Har dabino yakan sako mini a aljihu.

Da hunturu ya shigo, masu gudu ba su ragu ba, masu taimako ne suka yi ta zamewa. Wannan ya koma aikin Asabar, waccan ta haihu, wancan ya ce ya gaji, shekara nawa shi kaɗai. Baturiyar takan turo saƙo a waya tsakiyar mako tana roƙo, tana cewa in ba a sami hannu ba za a soke. Na yi wa matan cocinmu magana, kowa ta ce tana da shift, wato ranar aikinta ce, kuma ban ga laifinsu ba, don na san yadda ake neman abinci a ƙasar nan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ƙattin da ke zuwa da agogo mai tsada a hannu, su gama gudu su yi ƙorafin an makara wajen farawa, su shiga mota. Nakan harare su, alhali na san ni ma haka na yi shekaru a Manchester.

Asabar ɗin da abin ya faru ana yayyafi, ga iska mai shiga ƙashi. Hanyar gudun tana da wata kwana can nesa, bayan tafki, inda bishiyoyi suka rufe, ba a hango ta daga ko'ina. Mutumin da ya saba tsayawa a wurin bai zo ba, kuma babu wanda za a sa a madadinsa. Baturiyar ta tara mu, mu 'yan kaɗan, ta ce ita dai zuciyarta na gaya mata a soke. Mutane sun riga sun cika, suna ta tsalle-tsallen ɗumama jiki. Ni ce na yi caraf na ce kada a soke, zan rufe baya, zan sa ido a kwanar tafkin, kuma a zagaye na ƙarshe zan tattaro allunan nuna hanya don a rage aiki. Ta dube ni ta tambaya ko na tabbata, na ce ƙwarai. An ce ba a tauna taura biyu a baki, ni uku na cusa.

Tun zagayen farko na lura Baba ba ya tsokana. Na jefa masa maganar Kanawa da son kuɗi, ya yi ɗan murmushi kawai. A zagaye na biyu, wanda shi ne na ƙarshe, ya ƙara rage tafiya, yana gumi cikin wannan sanyin, yana ta murza kafaɗarsa ta hagu. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, sanyi ne. Edita, an koya mini waɗannan alamun a wurin aiki, har jarrabawa na rubuta a kansu. Da a ce ɗaya daga cikin tsofaffin da nake kula da su ne, da tuni na zaunar da shi na kira motar asibiti ko yana so ko ba ya so. Amma wannan Baba ne, ya ce lafiya lau, kuma ba a yi mana tarbiyyar maimaita wa babba tambaya ba.

Da muka iso kwanar tafkin sai ya tsaya ya dafa wata bishiya. Bai dube ni ba, ya ce in yi gaba, yana so ya ɗan zagaya, zai same ni, kada a bar mutane tsaye cikin ruwa saboda shi. Nan take kunya ta lulluɓe ni. Ni da nake kai tsofaffi maza banɗaki kullum, in wanke su in sa musu tufafi ba tare da na ji komai ba, sai ga ni na sunkuyar da kai kamar sabuwar suruka. Na ce to Baba, na wuce da sauri, na kuma hana kaina waiwaye don kada ya ji nauyi. Ina tafe ina cire alluna ina tarawa a hammata, har ina ganin na kyauta.

Da na isa wurin gamawa, Baturiyar ta ga rigata ta tambaya ko kowa ya shigo. Na ce saura Baba, yana tafe, na ji nauyin faɗin abin da ya tsayar da shi. Kafin ta sake magana wani ya kira ta, wata kuma ta miƙo mini igiyoyi in naɗe, don hannu ya yi kaɗan kuma kowa na son barin ruwan. Na naɗe igiya, na kai kaya mota, ina ce wa kaina tsoho ne, sai a hankali. Ban san iya lokacin da ya wuce ba, na dai san ya wuce yadda bai kamata ba. Sai muka hango wata mata da ta fito yawo da karenta tana gudu tana ihu, tana nuna wajen tafki.

Mun same shi kwance a gindin bishiyar da na bar shi, hularsa a cikin taɓo, wandonsa a ɗaure yadda yake. Ba zagayawa ya yi niyya ba, ciwo ne ya ci ƙarfinsa, bai so 'yarsa ta ga ya faɗi ba. Na'urar farfaɗo da zuciya tana cikin jaka a wurin gamawa, sai da wani ya sheƙa ya ɗauko. Ni na yi ta danna ƙirjinsa ina kiran Baba, Baba, har ma'aikatan motar asibiti suka janye ni. An kai shi babban asibitin da ke Edgbaston, zuciyar ta dawo, amma shi bai farfaɗo ba. Bayan 'yan kwanaki Allah ya yi masa rasuwa. Babu wanda ya ce mini da an same shi da wuri da ya rayu, ban kuma buƙaci a gaya mini abin da jinkiri ke yi wa ƙwaƙwalwa ba, aikina ne. Da akwai mutum ɗaya tsaye a kwanar nan, ko da ni na wuce, da an gan shi yana faɗuwa.

Na yafa mayafi na je ta'aziyya gidansu a Sparkbrook. Da na faɗi ko ni wace ce, Hajiya matarsa ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Ta ce tun da asuba ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ta hana shi fita, ya ce ta kwantar da hankalinta, akwai 'yarsa Bazazzagiya da ba ta taɓa barinsa a baya. Daga nan ta matso ta rage murya ta ce abu ɗaya take so ta sani, tunda ina tare da shi: da zai faɗi, ya samu ya yi kalmar shahada? Ni ba Musulma ba ce, amma a Zariya na tashi, na san nauyin wannan tambayar. Na so in ce e don in sanyaya mata rai, bakina ya ƙi. Na gaya mata gaskiya, ba na wurin, ya ce in wuce na wuce. Ba ta saki hannuna ba, ta ce kwanansa ne ya ƙare, kuma ta san halin mijinta da kunya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a daɗe ba Baturiyar ta ajiye aikin, ta ce ba za ta sake busa usur da kwana babu kowa ba. An yi ta neman wanda zai karɓa ba a samu ba, gudun ya tsaya. Ni kuma garin ya fita raina, duk bas ɗin da na gani a Stratford Road sai in tuna shi, na tattara na koma Manchester. Na daɗe ban iya fita da safiyar Asabar ba. Yanzu na koma, amma ba na gudu. Nakan roƙa a ba ni kwanar da ta fi nisa, wadda kowa ke gudunta, in tsaya har mai rufe baya ya wuce.

Ga abin da nake so masu karatu su ɗauka. Duk abin da kuke mora kyauta a ƙasar nan, wani ne ya tsaya cikin sanyi ya sa ya yiwu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an yi shelar neman taimako kada ku sunkuya kan takalmi irin nawa, ko sau ɗaya a wata ku karɓi rigar. In hannu bai isa ba a soke, babu wanda ya taɓa mutuwa don an fasa gudun Asabar. Iyayenmu kuma, don Allah in ciwo ya zo ku faɗa, ba raini ba ne ɗa ya ga rauninku. Ku kuma 'yan'uwana, in babba da aka ba ku amanarsa ya ce ku wuce, ku juya masa baya in kunya ta hana ku kallo, amma kada ku yi nisan da ba za ku ji muryarsa ba. Ni na yi, kuma har yau akwai wata baiwar Allah a Sparkbrook da ba ta san abin da mijinta ya faɗa a ƙarshe ba, don babu kowa a wurin da zai ji.