Shirun da Nake Bari a Jita

Duk wanda ya saurari kiɗana sai ya tambaye ni me ya sa nake ɗauke hannu daga jita a tsakiyar baiti, in bar shiru. Wasu sun ce wajen makaɗan Buzaye na kwaso. Gaskiya kaset ɗinsu ne ya koya wa babban yatsana tafiya, amma shirun na kakata ne, Iya Tabawa.

A ƙauyenmu kusa da Gidan Sori, lokacin sanyi, da an ci tuwo sai mu kewaye wutar kara, ita tana ɓarar wake a ƙwarya. Tatsuniyoyinta duk na ban dariya ne, ban da guda. Wai wani makaɗin gurmi ne, shekarar yunwa ya ce wa matarsa zai je kudu ya samo hatsi. Kullum da yamma sai ta hau jigawa ta rera masa kira, gurminsa ya amsa daga nesa. Ran nan ta rera, babu amsa.

A nan Iya take rera kiran, tana buga gefen ƙwarya da zobenta, sai ta tsaya cak. Mu kuwa mun saba da amshi, baki na ƙaiƙayi.

"Ku yi kurum," in ji ta. "Wurin ga na da mai shi."

Ba ta taɓa ƙarasa tatsuniyar ba. In mun matsa, sai ta ce hayaƙi ya shige mata ido.

Na girma, na sayi jita a Maraɗi, kaina ya kumbura. Na dawo gida don in burge Iya, na roƙe ta waƙar. Ta soma kiran da muryar da ta dushe, tana tsayawa na cike wurin da kiɗi, mai daɗi kuwa. Sai ta dafe tsirkiyar da tafin hannunta.

"Angona, hannunka na da zaƙi. Amma ba kai nike jira ba."

Washegari baffana ya gaya mini kakanmu gurmi yake kaɗawa, kuma kudu ya tafi, bai dawo ba. Kunya ta hana ni sake shiga ɗakinta da jita, har ta rasu da damina. Abin yana ci mini rai har yau.

Yanzu in waƙa ta kawo ni wurin nan, sai in ɗaga hannu. Da can mutum ɗaya ake jira a cikin shirun, yanzu biyu ne.