Ishiyaku Ɗantsoho Ya Ajiye Tuƙi

Ishiyaku Ɗantsoho maƙwabcina ne a Tarai, katanga ɗaya ce ta raba mu. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam saboda ina koyarwa a firamare. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan babbar mota, kuma a duk yankinmu na Kibiya ban san wanda ya kai shi sanin ƙasashen da ke kewaye da mu ba.

A aji huɗu ya bar makaranta ya koma gonar mahaifinsa. Da ya zama saurayi sai ya bi wani direba ɗan Rano mai ɗaukar hatsi zuwa kasuwar Dawanau, a hannunsa ya koyi tuƙi. Daga baya wani ɗan kasuwa na Kano, Alhaji Badamasi, ya damƙa masa mota mai taya goma. Da ita ya kai kaya Maraɗi da Damagaram, ya je Garwa a Kamaru, ya shiga Njamena ta Gamboru tun hanyar tana biyuwa, ya ɗauko shinkafa daga Kwatano. Wani lokaci sai ya yi wata guda ba ya gida. Matarsa Ramlatu ce ta raini 'ya'yansu biyar kusan ita kaɗai.

In ya dawo, bayan la'asar mukan taru a ƙofar gidansa, a yi ta yi masa tambaya. Ni ne mai ja da shi, don ina ganin na yi karatu. Na taɓa ce masa ko me za a ce, mu muna da zaɓe, duk shekara huɗu talaka yana da damar korar wanda bai yi masa ba.

Ya ce, “Malam, a Kamaru ma ana zaɓe. Tun ban fara azumi ba mutum ɗaya ne a kan kujera, yanzu ga furfura a gemuna, shi ne dai. A Chadi uba ya mutu, ɗa ya hau. Mu kuma muna canza fuska, amma hanyar nan da ta taho daga Rano ka ga ta canza?”

Na ce to ina ya fi?

Bai taɓa ba da amsa a take ba. Shi da abin da idonsa ya gani yake awo. Zai gaya maka sau nawa aka tsayar da shi tsakanin gari da gari, ko akwai wuta a tashar da ya kwana, ko mai shayin wurin yana da burodi mai kyau. Yakan ce Binin 'yar ƙaramar ƙasa ce, ba ta da man fetur, amma tashar jirgin ruwanta ce take ciyar da kasuwanninmu. Yakan ce a Garwa ya ga titi sumul a cikin gari, da ka fita kaɗan sai ƙauyukan da ba su san fitila ba. Amma a ƙarshen hira, Nijar yake komawa.

“Talakawa ne, sun fi mu talauci,” in ji shi. “Amma kuɗinsu ba ya narkewa a aljihu. Kuma in an ce doka, to doka ce.”

Yana da amini a Maraɗi, Munzali, mai sayar da kayan gyaran manyan motoci. Shekara goma sha takwas a gidansa yake sauka. Munzali ya taɓa zuwa Tarai da matarsa Jumai, bikin babbar 'yar Ishiyaku, a nan na san su. Abin da ya ba ni mamaki, shi Munzali Kano yake yabo. Ya ce mu muna da masana'antu da jami'o'i da manyan asibitoci, har wutar da suke kunnawa a Maraɗi daga wajenmu take zuwa. Jumai tana fama da ciwon ƙoda, kuma likitan da yake duba ta a Kano yake, duk bayan wata biyu suke tsallakowa. Suna zaune a tabarma ɗaya, kowa yana rantsuwa ƙasar ɗan'uwansa ta fi tasa, muna ta dariya.

A shekarar 2021, da aka miƙa mulki daga farar hula zuwa farar hula a Nijar, Ishiyaku ya dawo da murna kamar shi aka zaɓa. Har ya fara maganar in ya ajiye tuƙi zai buɗe ɗan shago kusa da na Munzali, ya riƙa zuwa gida da damina. Ramlatu ta ce ita ba inda za ta. Ya ce ta bari lokacin ya zo tukuna.

A watan Yulin 2023 ya ɗauki masara daga Dawanau zuwa Maraɗi. Wata biyu ke nan da cire tallafin mai a wajenmu, komai ya tashi, kuma ya tafi ransa a ɓace. Ya sauke kaya ranar Talata. Ranar Laraba sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai, aka rufe iyaka.

Ya kira ni bayan kwana biyu. Na ji hayaniya a bayansa, ya ce matasa ne suke zagaye gari suna murna.

Na ce, “Yaya, kai ma murnar kake?”

Ya ce, “Ban sani ba, Malam. Farar hular da na yaba, ga shi ba wanda ya fito ya kare su. Wataƙila waɗannan su gyara. Mu dai gani.”

Alhaji Badamasi ya ce kada ya bar motar, ai kwana kaɗan za a yi a buɗe. Sai ya ajiye ta a wani fili kusa da shagon Munzali, ya zauna. Mako bai cika ba aka yanke wutar da ke zuwa daga wajenmu. Shinkafa ta yi tsada, magunguna suka fara ɓacewa daga shaguna. Motoci ba sa tafiya, don haka ba mai sayen kayan gyara. Shi da Munzali sai su wuni a ƙofar shago suna sauraron rediyo, ana cewa ƙasashen maƙwabta za su kawo wa sojojin yaƙi, ana cewa ba za su kawo ba.

Lokacin zuwan Jumai Kano ya zo ya wuce. A watan Satumba ƙafafunta suka kumbura, fuskarta ma haka, ta daina cin abinci. A asibitin can aka ce wankin ƙoda take buƙata, kuma kayan aikin sun yi ƙaranci. Munzali ya ce in dai ta isa Kano za ta tashi. Ishiyaku ya ce shi zai kai su.

Suka samu 'yan acaɓa uku masu bin hanyar daji. Aka ɗora Jumai a tsakiya, Munzali yana riƙe da ita ta baya. Da hantsi suka tashi, suka bi ta cikin gonakin gero, ga damina, ƙasa duk ta jiƙe. Wurare biyu sai da aka sauke ta, Ishiyaku ya goya ta suka tsallaka ruwa. Ya ce mini bai taɓa tunanin mutum zai yi rashin nauyi haka ba duk da kumburin. Sai bayan azahar suka ɓullo kusa da Jibiya, suka shiga mota.

A asibitin farko da suka je a Kano aka ce musu likitan nata ya bar aiki, ya tafi ƙasar waje tun watan jiya. A na biyu aka ce injin wankin ƙoda ya lalace. A na uku injin yana aiki, amma masu jira sun yi yawa, sai dai a rubuta sunanta a kira su. Munzali yana ta nuna takardunta yana cewa daga Maraɗi suke, daga nesa suke. Wata ma'aikaciya ta ce ta ji, amma wannan dattijon da ke kwance can shi ma kwanansa tara yana jira. Ba ta yi musu tsawa ba. Ishiyaku ya ce har ruwa ta kawo musu.

A rana ta huɗu Jumai ta cika, a kan benci, kanta a cinyar mijinta.

Ba yadda za a yi a tsallaka da gawa ta daji. Ishiyaku ya ce a kawo ta Tarai. Ramlatu da wasu dattawan mata suka yi mata wanka, muka yi mata salla, muka kai ta maƙabartarmu. 'Ya'yanta da mahaifiyarta suna Maraɗi, ta waya suka ji. Munzali ya yi zaman makoki na kwana uku a ƙofar gidan Ishiyaku, mutanen da ba su san ta ba suna zuwa suna yi masa gaisuwa.

A rana ta uku, bayan mutane sun ragu, ina zaune na ji Munzali ya ce, “Ishiyaku, shekara nawa ina gaya wa mutane ku kun fi mu.”

Ishiyaku ya ce, “Ni ma shekara nawa ina gaya wa mutanen nan ku kun fi mu.”

Washegari suka koma tare ta dajin, Munzali ga 'ya'yansa, Ishiyaku kuma ga motar mutane.

Sai a watan Maris aka buɗe iyaka. Motar ta yi sama da wata bakwai a rana, batir ya mutu, tayoyi huɗu sun tsattsage. Da ƙyar ya lallaɓo ta Kano. A lokacin kuma an matsa wa masu fitar da hatsi waje, ana tare motoci a hanya, ga man dizal ya fi ƙarfin riba. Alhaji Badamasi ya kira shi ofis, ya ce masa ba laifinsa ba ne, amma zai sayar da motoci biyu cikin ukun da yake da su, kuma tasa tana ciki. Ya yi masa alheri daidai gwargwado, suka rabu lafiya.

Ishiyaku ya yi wata uku yana zarya Kano neman wata motar. Duk inda ya je sai ya tarar da direbobi matasa zaune suna jira. Shekarunsa hamsin da huɗu, idonsa na hagu ya fara hazo. Daga ƙarshe ya daina zuwa.

Ya koma gonar gado. Taki ya gagara, don haka bai shuka masara ba, ya zuba gero da waken suya. Jikin da ya saba da kujerar mota bai ɗauki sunkuyo ba, in ya yi noma kwana biyu sai ya kwanta ɗaya. Ramlatu ta fara soya awara. Mutane suna zuwa ƙofar gidansa bayan la'asar kamar da, amma in aka ɗauko zancen ƙasashe sai ya tashi ya ce zai duba akuya.

Babban ɗansa namiji, Lukman, shekararsa ashirin da biyar, yana da takardar difloma da bai taɓa samun aiki da ita ba. Acaɓa yake yi tsakanin Rano da Kibiya. Da mai ya yi tsada, mutane suka koma tafiya a ƙasa, sai ya wuni bai mayar da abin da ya zuba a tanki ba. Wata safiya ya sami iyayensa a tsakar gida ya ce zai sayar da babur ya tafi Aljeriya ta Agadas, an ce akwai aikin gini. Ramlatu ce ta leƙo ta kan katanga ta ce in shigo in sa baki.

Na shiga na yi iya maganata. Na ce hanyar tana da haɗari, ana maido mutane, wasu ba sa dawowa. Lukman ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa, sannan ya juya ga mahaifinsa.

Ya ce, “Baba, kai ka ga ƙasashen nan. In ka ce akwai abin da zan jira a nan, zan zauna.”

Ramlatu ta ce, “Baban Lukman, ka ce masa ya zauna mana.”

Ishiyaku ya ce, “In ce ya zauna ya yi me, Ramlatu?”

“To can ɗin ka san abin da zai tarar?”

“Ban sani ba. Wuraren da na sani ma ashe ban san su ba.”

Bai ce masa tafi ba, bai kuma hana shi ba. Da ya ga yaron ya riga ya yanke, sai ya zaunar da shi ya gaya masa abin da ya sani na hanya, irin motar da zai guje wa, da yadda ake ɗaure jarkar ruwa a jiki kada a raba ka da ita. Ya ba shi lambar Munzali. Bayan babbar salla Lukman ya tafi.

Ya kira daga Maraɗi, ya ce Baba Munzali ya rufe shago, yanzu goro yake sayarwa a faranti. Ya kira daga Agadas sau biyu. Kira na ƙarshe ya ce gobe za su tashi, kuma za a yi kwanaki ba waya. Bayan wata biyu wani saurayi ɗan Bunkure ya dawo, ya ce shi ma ya je, an kama su an zubar da su a sahara kusa da iyaka, suka taka da ƙafa zuwa wani ƙaramin gari. Ishiyaku ya hau mota ya je har gidansu da hoton Lukman a waya. Saurayin ya duba da kyau, ya ce mutanen suna da yawa, ba zai iya cewa ya gan shi ba, ba zai iya cewa bai gan shi ba.

Ramlatu ba ta yi masa faɗa ba. Tana dafa abinci ta ajiye masa, tana amsa gaisuwarsa, amma hira ta ƙare a tsakaninsu. Ta katanga nake jin shirun gidan.

Yanzu duk ranar kasuwar Rano Ishiyaku yakan tafi tasha, ya zauna wajen direbobin da ke zuwa daga arewa, ya nuna hoton, ya bar lambarsa. Wasu sun san shi tun yana tuƙi, sukan saya masa shayi su ce za su tambaya. Da yamma ya dawo, wani lokaci a mota, wani lokaci ya tako rabin hanya a ƙasa. Geron bana ya yi dama-dama, zai kai su zuwa tsakiyar bazara. Wata takwas ke nan ba a ji muryar Lukman ba.