Norkul a Ƙofar Jirgi

Rubuta, Mohira, kar ki gyara min magana. Norkul maƙeri ne a masana'antar jiragen garinmu. Tun yana saurayi yake buga ƙusoshin fukafuki, har kunnensa ɗaya ya toshe, amma bai taɓa tashi sama ba.

Shekarar da muka ƙera ƙaramin jirgin nan na zirga-zirgar kusa, aiki ya tsaya cak, ana ta sallamar mutane. Sai ga wani kamfanin sufuri ya turo wakilai. Sharaɗinsu ɗaya: a cika jirgin da mutane, a buga ƙararrawa kamar wuta ta kama, kowa ya fice cikin minti ɗaya da rabi. In an kasa, ba su saye, mu kuma sai gida.

Aka zuba mu a kujeru, mu ma'aikata. Ƙararrawa ta tashi, muka yi ƙofa a guje. Can sai layi ya tsaya. Ashe samari ne suka ja gefe, hannu a ƙirji, wai Norkul ya fara fita. Ke kin sani, a wurinmu yaro ba ya riga babba ƙetare ƙofa.

"Bismillah, Baba," in ji Eshmat mai fenti.

"Wuce mana, ɗana."

"Wa, ni? Allah ya tsare!"

Lokaci ya ƙare muna ciki. Wakilan suka fara tattara jakunkunansu. Da ƙyar shugabanmu ya roƙe su suka yarda a sake sau ɗaya.

Norkul ya miƙe. "Ku ji ni, jakai! Duk wanda ya sake tsaya min, ba ni cin shinkafar aurensa, ba ni sa masa albarka. Kai Eshmat, in na yi jinkiri, ka ture ni."

"Baba, in uwata ta ji fa?"

"Ka ce ni na sa ka."

Aka sake bugawa. Norkul ya isa ƙofa, ya leƙa zamiyar robar da ake sulalowa ƙasa a kanta, ƙafafunsa suka ƙi. Ina bayansu, ina jin numfashin Eshmat. Yaron ya rintse ido, ya sa hannu biyu ya ingiza tsohon. Muka bi kamar tumaki, kafin lokaci ya cika duk mun fice.

Norkul ya karye a hannu, bai sake riƙe guduma ba. Wakilan suka sayi jirgin. Yana kwance ana ɗaure masa hannu ya ce a kira Eshmat, amma yaron ya kasa shigowa, yana waje yana kuka.