Bambar Kawu Sale

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san ba ya sauka daga mota ya gaisa da mutane. Sai ya fara zagawa gaba ya duba ko bamba ta iso tare da shi. In tana nan ya yi hamdala. In babu, ya ce, "Ku jira ni," ya koma neman ta a ƙafa.

Motar tsohuwa ce tukuf, ta yayansa marigayi Mamman. Da bambarta ta asali ta ruɓe, sai ya sa wani maƙeri a Wagini ya ƙera masa wata, mai nauyi kamar galma. Lawal mai gyaran bodi a Batsari ya ce aikin ɗan lokaci ne: a huda, a ɗaure noti, a ɗan yi walda.

"Ba huda, ba wuta," in ji Kawu. "Yaya ya ba ni motar nan ba huda ko guda, haka zan mayar mashi."

Na ce, "Kawu, ai Yayan ya rasu."

"To, mi ya hana?"

Ni da Lawal muka kalli juna. Har yau ban gane wannan amsar ba.

Daga nan aka shiga neman abin liƙi. Ya fara da gam ɗin masu gyaran takalma, wai abin da ya riƙe takalmin Bafulatani ba zai kasa ƙarfe ba. Bamba ta faɗi kafin mu fita gari. Ya dafa ƙaro, ta faɗi a Karare, awaki suka taru suna lasa. Lawal ya ba shi fila, ya yi masa bayani cewa cike lotsawa take yi, ba ta riƙe nauyi. Kawu ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya je ya kwaɓa ta da ƙaro da kwalta da gashin akuya.

"Gashin na mene ne?" na tambaye shi.

"Kai ka taɓa ganin an kwaɓa ƙasar gini ba ramno?"

Kwanoni suka cika zaure, kowanne da haɗinsa, shi kansa ya daina tuna wanne ne wanne. Ran nan Inna Rabi, matarsa, ta kusa miƙa wa baƙo guda, ta ɗauka fura ce. Na ce masa, don Allah, ko da igiya ce a ɗaure. Ya ce ita ba jaka ba ce.

Ana haka ciwo ya kama Kawu. Ana gobe za a kwantar da shi asibiti a Safana, ya juye kwanonin gaba ɗaya wuri guda ya shafa, ya manna bambar. Da ya cika, ni na tuƙo shi gida a motar, ta hanyar Zakka da duk ramukanta. Ina kuka, amma wallahi rabin hankalina yana kan bamba, kunnena na jiran ƙarar faɗuwarta. Ba ta ko motsa ba. Sai da muka sauke shi muka shiga da shi zaure, sannan muka ji tim a bayanmu.

Lawal ya duba ya duba, ya ce bai san abin da ya riƙe ta ba. Ya ce in kawo ya huda kyauta. Na ce a'a.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sada shi da Yayansa cikin rahama. In ya tambaye ka motar, Kawu, ka ce masa ba huda ko guda.