Littafin Baba da Sunan Inna

Mahaifina kuku ne. Na daɗe kafin in iya faɗin haka ban sassauta murya ba, ni da sana'ata ke nan magana a rediyo.

A kicin ɗin malaman jami'a da ke unguwar Kongo ya koyi girki, daga wanke tukwane har aka sakar masa ludayi. Da ya bar can sai ya buɗe gidan abinci a Tudun Wada, dab da matsayar 'yan acaɓa. Dambunsa na shinkafa da zogale ake bi, da miyar taushe wadda ba ya bari kabewarta ta narke duka. Kafin azahar ma'aikata da 'yan kasuwa sun cika bencinan shagon.

Sai dai asalinmu gidan malamai ne a cikin birni, inda namiji ba ya riƙe muciya. Yayansa, wanda muke kira Baffa, yakan aiko a karɓar masa farfesu ranar Juma'a, amma bai taɓa taka ƙofar shagon ba.

Da Baba ya gama rubuta littafin girkinsa, sai ya kai wa Baffa ya sa albarka, yadda ake kai wa babba komai kafin duniya ta gani. Ni na riƙo takardun. Baffa ya jujjuya su.

"Aiki ya yi kyau. Sunan wa za a sa?"

"Nawa mana, Yaya."

"Da sunan mahaifinmu a bayan naka? A jera malam guda da kuka da daddawa? Kai ba ka da mata ne?"

Baba ya yi dariya. Baffa bai taya shi ba.

Da sunan Inna littafin ya fito, ita da ba ta taɓa sayar da ko faranti ɗaya ba, ba kuma ta nemi wannan girma ba. Mata suka riƙa sallama da tambayoyi. Sai ta ce musu tana zuwa, ta leƙa ɗaki.

"Malam, ga su kuma. Wai me ke hana dambu caɓewa?"

Yakan ba ta amsa bai ɗago kai ba.

Ranar da Baba ya rasu, Baffa ya aiko da sanarwa gidan rediyonmu, an rubuta ɗan kasuwa. Na same shi a zaure, na durƙusa, na roƙa a ƙara cewa kuku ne, marubuci.

"Ke 'yar nan, ki bar mutum ya kwanta da mutuncinsa."

Abokin aikina ya karanta ta yadda aka kawo.

Ran sadakar uku matan gida suka buɗe littafin, suka turara dambu, ya caɓe. Baffa ya kai loma ɗaya, ya ture farantin. Da ya shigo yi wa Inna gaisuwa, sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Hajiya, sai haƙuri. Yau baƙin ciki ya taɓa hannunki."

Inna ta dube shi, ta ja mayafi ta rufe fuska.